Jawabi: Keken Ƙungiya da Takardar Garanti

Ni ɗiyarku ce, kun san ni, ba zan cika ku da surutu ba. Maganar yau a kan wata takarda ce da ake ba mu idan mun sayi sabon abu, mu kuma mu jefa ta ƙarƙashin katifa mu manta. Sunanta garanti.

Ƙungiyoyinmu na nan Kalgo da na Gwandu sun fara wuce sayen awaki da buhunan shinkafa. Wasu sun tara zubi sun sayi Keke Napep, wasu babur, sun ba wani yaro yana ja yana kawo balas. To, garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera abin, ko Bajaj ne ko TVS, ya ɗauka a rubuce: idan wani ɓangare ya lalace saboda kuskuren ƙira, zai gyara ko ya canza shi ba tare da kun biya ba. Amma alkawarin yana da iyaka. Ana ƙidaya shi da watanni ko da kilomitar da keken ya ci, duk wanda ya riga cika, shi ke nan ya ƙare. Kun ga keken haya kullum yana bisa hanya, kilomitarsa na iya cika tun watannin ba su cika ba.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wata ƙungiya da nake zagayawa ta sayi sabon keke. Bai yi wata biyu ba sai ya fara ƙin tashi da safe, sai an tura. Direban ya ga abu ƙarami ne, kuma yana tsoron balas ɗin ranar ya wuce shi, sai ya kai wa bakaniken bakin titi. Bakanike ya yanke waya, ya haɗa wata, ya naɗe da leda. Bayan mako guda abin ya dawo, har batir ya mutu. Da aka kai wa dila, buɗewar farko ya ga wayar da aka yanke, ya ce tunda wani hannu ya taɓa, ba ruwan kamfani. Daga akwatin ƙungiya aka ciro kuɗin gyara, kuɗin da wata a cikinsu ke jiran ranta ta ja jari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, iyayena.

Don haka ga abin da nake roƙonku.

Tun ranar saye, ku sayi keken wurin dilan da kamfani ya amince da shi. Ku karɓi rasit da littafin garanti, a buga hatimi, a sa kwanan wata. Sakatariya ta duba lambar inji da lambar da ke jikin ƙarfen keken, su zo daidai da na takarda. Ku tambayi dila a gaban shaidu: wata nawa ne, kilomita nawa ne, kuma ina za mu kai shi idan ya samu matsala, Birnin Kebbi ne ko wani gari? Matambayi ba ya ɓata. Takardun nan su zauna a akwatin ƙungiya tare da littafin zubi. Direba hoto kawai za a ba shi. Keke na hannu kuwa, galibi ba ya zuwa da garanti, ku san da wannan kafin arha ta ruɗe ku.

Sai sabis. A cikin littafin an rubuta lokacin da za a kai shi a yi masa juye, a duba shi. Ku kai shi garejin da kamfani ya yarda da shi, a rubuta, a sa hannu. Ko an ce sabis ɗin kyauta ne, yawanci ku za ku biya kuɗin baƙin mai. Idan aka tsallake sabis, dila ya samu hujjar ƙin gyara.

Ku sani kuma ba komai garanti ke ɗauka ba. Abin da yau da gobe ke cinyewa, kamar takalmin birki da ƙwan fitila, namu ne. Haka hatsari, da lodin da ya wuce ƙima, da gurɓataccen mai, da kutsawa cikin ruwa da damina. In direba ne ya buga keken, kada mu je mu ce daga kamfani ya zo haka. Haƙƙi ne, kuma ba zai yi mana albarka ba.

Ranar da matsala ta fito, ko ɗigon mai ne, ko mita ta tsaya, ko wata ƙara da ba a saba ji ba, direba ya faɗa wa shugaba a ranar. A ɗauki hoto ko bidiyo da waya, a rubuta kwanan wata. Mutum biyu su raka shi wurin dila. Idan za a bar keken ya kwana, a karɓi takardar da ta nuna abin da aka kawo shi a kai da ranar da za a karɓa. Kuma ku yi wa direba adalci: ku yarda tun farko cewa kwanakin da keke ya yi a gareji ba balas. In ba haka ba, zai riƙa ɓoye muku matsala.

To, in dila ya ƙi fa, alhali takardunku sun cika? Ku rubuta masa koke, ku riƙe kwafi, ku kira lambar kamfani da ke cikin littafin. In abin ya faskara, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka kafa da dokar 2018, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Ku kira ni mu rubuta tare.

Kafin mu tashi, ma'aji, buɗe akwati. Littafin garantin kekenku yana ciki? In ba ya ciki, yana hannun wa? A zo da shi zama mai zuwa mu karanta shi tare, layi bayan layi.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mana dukiyarmu.