Alaramma Ɗaya, Almajirai Ɗari: Koyar da Turanci a Aji Mai Cunkoso



Kowa ya san cewa yaronmu, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya samu a Katsina, ko ta Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, wajibi ne ya zauna darasin Turanci a shekararsa ta farko. Kuma kowa ya san cewa a galibin jami'o'in ƙasar nan ɗaruruwan ɗalibai ake tarawa gaban malami guda, na gaba suna rubutu, na baya suna kwafar na gaba, na bakin taga kuwa sai dai su ga leɓɓan malam suna motsi.

Abokan aikina sun ce maganin wannan shi ne lasifika da majigi da jarrabawar kwamfuta ta zaɓi ɗaya cikin huɗu. Shekara da shekaru ina jayayya da su, domin mai iya zaɓen amsa ba lalle ne ya iya rubuta wasiƙar neman aiki ba, alhali harshe ba ya zama sai an furta an gyara, an rubuta an gyara.

To, wannan mas'ala magabatanmu sun warware ta tun kafin Bature ya buɗe Kwalejin Katsina. Ku dubi tsangaya. Alaramma guda, almajirai kamar ƙasa, amma ba kolon da zai wanke allonsa sai wani ya saurari karatunsa baƙi da wasali, saboda gardawa suna zaune tsakanin malam da yara, kowane da 'yan ƙalilan a gabansa, yana biya musu, yana duba rubutunsu, inda tawada ta kauce ya sa a sake, abin da ya gagare shi kuma ya kai gaban alaramma. Shi kansa gardin, da biyawar nan haddarsa ke ƙara ƙarfi. Andrew Bell ya jarraba irin wannan tsari a Madaras ta Indiya, ya wallafa bayaninsa a 1797, Turawan Ingila suka rungume shi suna yabo, mu kuwa da muke da shi a ƙofar gida muna jin kunyar ambatonsa a zauren jami'a.

Za a ce mai biyawa yana iya koyar da kuskure. Na'am, dalilin zaman alaramma ke nan.

Shawarata, wadda na daɗe ina maimaitawa, ita ce a ɗauko ɗaliban shekarar ƙarshe na sashen Turanci, a ba kowane ɗaya 'yan aji ɗaya goma sha biyar, kowane yaro ya rubuta shafi guda duk mako, ya karanta da babbar murya, a gyara masa nahawu da lafazi, malam ya zagaya yana duba gyaran. A sa makin wannan cikin sakamakon zango, a kuma yanka wa masu biyawar alawus, ko da kuɗin mota ne.