Ginin Jimlar Turanci a Bakin Yaron Jos



Da safen nan na biyo ta kasuwar Taminus a nan Jos, na ji mai sayar da dankali suna ciniki da wata mata. Da Hausa suka faro, suka ratsa ta buroka, suka rufe da Turancin makaranta. Haka bakin garin nan yake tun zamanin haƙar kuza, lokacin da ma'aikata suka kwararo daga ko'ina suka tarar da Birom da Anaguta da Jarawa, Hausa ta zama harshen kasuwa. Yaron Jos, ko wane yare ake yi a gidansu, da Hausa a bakinsa yake shiga aji. Mu kuwa malaman Turanci sai mu yi kamar bai zo da komai ba.

A 1985 Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar da babban littafin nahawun Ingilishi, mai shafi sama da 1,700. Duk kaurinsa, abin da suka nuna shi ne sassauƙar jimla ba ta wuce ƙira bakwai ba. Bakwai kacal. Wadda aka fi ji a bakin mutane ita ce aikau, sai aikatau, sai karɓau: "Ladi bought potatoes." To, yaya muke faɗa? Ladi ta sayi dankali. Jerin ɗaya ne. "Give Audu the money", mu ce ba Audu kuɗin. Mai karɓa a gaba, abin da aka ba shi a baya. Bajapane sai ya juya tunaninsa kafin ya iya wannan, domin shi aikatau a ƙarshen jimla yake ajiye shi. Mu a kyauta muka samu.

Tuntuɓen yana wajen ƙananan kalmomi. Ku dubi "ta" ɗin nan ta "Ladi ta sayi". Hausa ba ta barin aikatau ya fito tsirara, sai da ɗan rakiya mai nuna jinsi da lokaci. Turanci ba ya son wannan rakiya in an riga an ambaci suna. Daga nan "My father he is coming" ta samo asali. Yaron da ya rubuta haka ba daƙiƙi ba ne, dokar Hausa ya bi daidai, sai dai a gonar wani.

Inda na fi so mu daɗe shi ne kan "ina". Muna cewa ina tafiya, ina da mota, ina jin Hausa, ina son shayi, duka da "ina" guda. Yaro ya koyi cewa ina tafiya shi ne "I am going", sai ya ɗauka duk inda "ina" ta fito "am" da "ing" ne za su biyo. Sai ka ji "I am having a car", ka ji "I am hearing Hausa". Alhali Turanci ya raba aikatau gida biyu: na aikin da ake gani yana gudana, da na halin da mutum yake ciki, irin su mallaka da sani da so da fahimta. Na biyun ba su cika karɓar "ing" ba: "I have a car", "I understand Hausa". Na shekara ina jan jan biro a ƙarƙashin wannan kuskure ba tare da ya ragu ba. Ranar da na rubuta jimlolin "ina" huɗu a allo muka rarrabe su, ranar aka fara samun sauƙi.

Tambaya ma haka. Mu da murya muke tambaya, ko mu liƙa "ko" a ƙarshe. Turanci sai ya juya jeri, ko ya kira "do" ta taimaka: "Where are you going?", "Do you know him?" Kuma "ko" ɗinmu guda ce, shi ya sa muka mayar da "isn't it" riga mai shiga kowa, alhali Bature yana sauya ta gwargwadon jimla: "You came, didn't you?" Akwai wadda ta fi wannan haɗari. A tambayi mutum, ba ka sha maganin ba? Ya ce e, wato ban sha ba. In da Turanci likita ya tambaya, mutumin ya ce "yes", an rubuta ya sha.

Kada a fahimce ni a karkace. Marigayi Farfesa David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero kafin ya dawo nan Jami'ar Jos, ya nuna tun a littafinsa na 1991 cewa Turancin Nijeriya yana da nasa tsari, ba tarin kurakurai ba ne. A 2020 ƙamus na Oxford da kansa ya karɓi "okada" da "Kannywood". Kalmomi namu ne, mu yi ta ƙirƙira. Amma mai duba takardar WAEC ba ya yafe karyayyen gini, kuma ba kiredit a Turanci, ba shiga jami'a.

Roƙona ga 'yan uwana malamai, daga Gangare har Bukuru: ku daina cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji. Ranar Litinin ku raba allo biyu, jimlar Hausa a dama, ta Turanci a hagu, ku bar yaran su gano da kansu inda suka haɗu da inda suka rabu.