Itacen da Tsuntsu Zai Sauka a Kai: Darasin Ngel Nyaki ga Tuddan Adamawa

Takardar da aka gabatar a taron manoma, makiyaya da malaman daji a Mbamba, Yola

Duk damina sai an yi bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, a faɗi yawan dashen da aka raba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wane irin itace aka dasa, kuma wace dabba ce za ta ci daga gare shi? A kan wannan tambaya takardar nan ta tsaya.

Mutumin Mbamba ba baƙon tudu ba ne. Ga duwatsun Verre a kudu, ga na Bagale a ƙetaren Binuwai, kuma kowa na ganin buhunan gawayi da ke shigowa Jimeta. Kirya da ɗorawa da kaɗanya suna tafiya, makwarwa da zabin daji da gada suna bin bayansu. Madobiya kuwa 'yan katako sun yi mata ca a yankin nan, har aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017.

Misali mafi kusa na yadda ake farfaɗo da daji yana tsaunin Mambila, a Jihar Taraba, wadda suke jiha ɗaya da Adamawa har zuwa 1991. Can kusa da ƙauyen Yelwa akwai gandun Ngel Nyaki, mai faɗin murabba'in kilomita 46, amma kurmin gaske bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan fili ba. Sauran galibi ciyawa ce da shanu ke kiwo, wuta kuma ta lashe ta kowane rani. A ɗan kurmin nan ne birai iri-iri ke rayuwa, har da cimfanzi irin na Najeriya da Kamaru.

Dokta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ce ta kafa aikin bincike a wurin, tare da mutanen Yelwa. Ba su fara da baƙon iri ba, duk da cewa itacen turare ya cika Mambila. Sun katange bakin kurmi daga shanu, sun share hanyar tare wuta, sannan suka riƙa tsinto iri daga cikin kurmin suna renonsa kafin dashe. Dalilin a fili yake: itacen gida ne ke ba da 'ya'yan da tsuntsu da jemage da biri suka saba ci, su kuma su yar da ƙwallon a wani wuri. Turare ga saurin girma ga katako, amma biri ba ya samun kalaci a kansa.

Manomin da ba shi da kuɗin wayar katanga ma yana da hanya. A Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna sassabe shi, kuma an ƙiyasta wannan dabara ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Wurin da aikin ke cijewa shi ne makiyayi. Katangar da aka kafa ba da saninsa ba ba ta kai rani biyu. Don haka takardar ke ba da shawara a fara da bakin rafuka da gangaren da noma ya riga ya gaza, a dasa ɓaure da ɗinya da kanya da maɗaci, a zauna da arɗo da mai unguwa a fitar da burtali tun kafin a haƙa rami, a kuma ware kuɗin masu share hanyar wuta a watan Nuwamba, kafin ciyawa ta gama bushewa.