WANE NE TSOHON SOJA?

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar a taron ƙungiya a Ilupeju

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata.

Tun da muka fara rubuta sunayen tsofaffin sojojinmu don tallafin ranar tunawa da 'yan mazan jiya, watau 15 ga Janairu, gardama ta ƙi ƙarewa. Wani ya ce sai wanda ya je bakin daga, wani ya ce sai mai karɓar fansho. Mu dai a ganinmu duka biyun sun kuskure.

Soja ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen Ikko. A nan garin Gwamna Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a 1863, wadda daga gare ta ake lissafa asalin sojan Nijeriya. Kakanninmu kuma sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, shi ya sa har gobe akwai barikin Arakan a Apapa da na Myohaung a Yaba. To, a cikinsu akwai dubban masu ɗaukar kaya a ka, suna ratsa kurmi da tsaunuka ba bindiga a hannunsu. Amma an ɗauke su soja, kowa da lambarsa. Wa zai tashi yau ya ce ba 'yan mazan jiya ba ne? Ashe ke nan harbi ba shi ne ma'auni ba. Kuku da direba da mai ɗinkin kaki, muddin an rubuta su a runduna, sojoji ne.

Fansho ma haka. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan ƙasar nan wajen dubu 10 ne, kafin a gama sun kai wajen dubu 250. Da aka zo rage su, da yawa an sallame su shekarunsu ba su kai na fansho ba. Wasunsu a nan suka yada zango, suna gadi a kamfanonin Ilupeju ko sayar da goro a Agege. Rashin fansho bai kankare musu aikin da suka yi ba. Su ne ma suka fi buƙatar tallafin nan, wallahi.

Abin da za mu duba shi ne takardar sallama: lambar mutum, rundunarsa, ranar shiga da ranar fita, da yadda ya fita. Wanda ya gudu daga aiki ko aka kore shi bisa laifi, ba ya ciki, sai fa in gwamnati ta sauya hukuncin, kamar yadda Shugaba Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka bi Biyafara ritaya a shekarar 2000. 'Yan kato da gora na Maiduguri, duk da jinin da suka zubar tun 2013, su ma ba sa ciki, in ba wanda aka ɗauka soja daga baya ba. Abin da ciwo, amma haka ƙa'idar take.

Mun san akwai dattawan da takardunsu suka ƙone ko ruwa ya ci. Don Allah kada kunya ta hana su zuwa. Su zo da lambarsu, don ba mu taɓa ganin sojan da ya manta tasa ba, tare da abokin aiki guda biyu da za su shaide su, mu kuma mu raka su ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a tantance. Matan da mazansu suka rasu su zo da abin da ke hannunsu, ko da hoto ne cikin kaki.