Ranar da Najeriya ta kori jakadan Faransa saboda bam



Kwanakin baya muna zaune wajen mai shayi, hirar Iran da Isra'ila ta taso, sai wani abokina ya ce: "Malam, mu ina ruwanmu da nukiliya? Mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba." Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa yau na ce bari mu taɓa ta.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko. Kun san a ina? A hamadar Sahara, kusa da garin Reggane a kudancin Aljeriya, lokacin ƙasar tana hannunta. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Kuma ku lura da watan, Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar hamada ta sauke mana ita har cikin ɗaki. Tsoron da ya kama mutanen Afirka ta Yamma ke nan, kada gubar ta biyo iska.

Kwame Nkrumah na Ghana ya riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarsa. Faransa ta yi kunnen uwar shegu, ta sake gwaji na biyu, ta yi na uku a ƙarshen Disamba. To a nan ne gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ce ya isa haka. A watan Janairu 1961 ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa. Ƙasar da ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba fa! Wallahi ni har na gama jami'a ban taɓa jin wannan labarin a aji ba.

Shin hakan ya tsayar da Faransa? Bai tsayar ba. Gwaji 17 ta yi a Aljeriya zuwa 1966. Me ya sa ta nace haka? Saboda ta fahimci yadda ake rabon kujeru a duniya. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ta amince wa ƙasashe biyar kawai su riƙe nasu: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da China. Su ne dai biyar ɗin da ke da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na san abin da wasunku za su ce, don ina gani a sharhi: "Ai gara mu ma mu mallaka." Za su kawo misalin Gaddafi, wanda ya ajiye shirinsa a 2003, a 2011 aka ga yadda ta ƙare. Za su kawo Ukraine da ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Soviet bayan alkawarin 1994. Gaskiya hujjar tana da nauyi, ba zan raina ta ba.

Amma ni dai ban yarda ba. Duk mai son bam sai ya nemi inda zai gwada shi, kuma ba a unguwar masu mulki ake gwadawa ba. Can wajen makiyaya da talakawan da ba su da murya ake kaiwa. Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida ta wargaza su da kanta, sannan a 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a yarjejeniyar Pelindaba cewa nahiyar nan ba wurin wannan makami ba ce. Wannan hanyar ta fi kwanta min.

Mutanen Reggane kuwa, har yau suna kokawa da cutar kansa, kuma ƙalilan ne cikin 'yan Aljeriya suka samu diyya. Hukumomin ƙasar suna ta neman Faransa ta ba su taswirar wuraren da aka binne tarkacen mai guba a ƙarƙashin yashi.

Mai shayin nan na nan, abokina ma na nan, gobe zan koma masa da wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.