Raunin Ido: Tsarinsa da Agajin Farko



Bahaushe ya ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Sai ga shi abin ya juya, ido ne kansa ya zama abin rainawa, domin mutum yakan tsare ƙafarsa da takalmi, ya tsare kansa da malafa, amma ya tunkari wuta da ƙarfe da ido tsirara. Wani nazari da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka buga a 1998 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.6 ne rauni ya makantar a duniya, wasu kuma kimanin miliyan 19 ido ɗaya ya mutu ko ganinsa ya ragu. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa sau da yawa ba raunin kaɗai ke kashe ido ba, har da abin da aka yi masa bayan raunin.

A ƙasar Hausa kowace sana'a da irin haɗarinta. Manomi da kaka, ganyen dawa ko ƙaiƙayi yakan karce fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido. Karcewar ba ta taka kara ta karya ba, amma ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su shiga, cikin 'yan kwanaki wurin ya zama miki, in ya warke ya bar farin tabo, wato hakiya. Maƙeri da mai fasa dutse, ɓarɓashi ne ke tsalle ya huda ido. Mai walda da ya ƙi sa tabarau, hasken yakan ƙona fatar idon, zafin kuwa ba ya tasowa sai bayan sa'o'i, ya kwana kamar an zuba masa yashi. Yara kuma ga danƙo, ga tsinken tsintsiya, ga abubuwan fashewa na lokacin Sallah.

To, in tsautsayi ya auku, agajin farko ya danganta da irin raunin. Idan siminti ne, ko farar ƙasa, ko ruwan batir, ko dafin gamsheƙa, sai a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta nan take, har minti 20 zuwa 30, sa'an nan a nufi asibiti. Siminti da farar ƙasa sun fi ruwan batir ɓarna, domin suna ci gaba da ratsa ido muddin ba a wanke su ba. Idan kuwa wani abu ne ya soki idon, hukuncin ya sha bamban: kada a wanke, kada a murza, kada a zare abin da ya maƙale. A kife ƙaramin kofi a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a ɗaure, kuma mai raunin ya dakata da cin abinci, don mai yiwuwa ne a yi masa aiki a ranar.

Babbar musiba ita ce ɗige-ɗigen gida. Akan zuba ruwan sukari, ko nonon uwa, ko fitsari, ko ruwan ganye, alhali waɗannan ƙwayoyin cuta suke ƙara wa idon, ko su ƙona shi. Haka nan maganin ɗigawa da ake saya a kemis ba da izinin likita ba, musamman mai sinadarin siteroyid, yakan kwantar da ja da raɗaɗi, mikin kuwa yana ci ta ƙarƙashi.

Kada kuma a ce ai ido ɗaya ne, saura ɗaya. Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ɗan baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana da shekara 3 ya soki idonsa da basillar mahaifinsa, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance ɗungurungum yana da shekara 5. Shi ne ya ƙago rubutun makafi da ake kira da sunansa. Likitoci sun tabbatar cewa ido da aka huda yana iya jawo kumburi a lafiyayyen, shi ya sa ake gaggauta ɗinke shi. Akwai wuraren wannan aiki, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano.

Daga ƙarshe, akwai haƙƙi a wuyan masu sauraro. Ma'aikacin da ke ba da kwangilar gini ko hanya yana da ikon sa tabarau na kariya cikin sharuɗɗan aiki. Malamin gona yana iya gargaɗin manoma tun kafin girbi. Ɗalibi kuma, in ya koma gida hutu, shi ake tambaya, don haka ya san lokacin da ake cewa "a wanke" da lokacin da ake cewa "kada a taɓa". Kuɗin tabarau bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Allah ya tsare mana ganinmu. Wassalamu alaikum.