Ɗakin Koyo Ko Filin Gasa? Ƙungiyoyi Na Biyu a Ƙwallon Ƙafar Malesiya

Takardar da aka gabatar a wani taron ƙara wa juna sani kan tafiyar da harkar ƙwallon ƙafa, a Kuala Lumpur

A kakar wasa ta 2020, wadda annobar korona ta gutsure, ƙungiyar Kuala Lumpur ta ƙare ta uku a Liga Premier, wato rukuni na biyu na ƙwallon Malesiya. Gurabe biyu ne kacal na hayewa sama, amma ta haye. Wadda ta zo ta biyu, Terengganu II, ƙaramar ƙungiya ce ta Terengganu FC, doka kuwa ba ta yarda uba da ɗa su haɗu a rukuni ɗaya ba. Shekara na zagayowa, ƙungiyar babban birnin ta doke Johor Darul Ta'zim (JDT) da ci 2-0 a filin Bukit Jalil ta ɗauki Kofin Malesiya, a 2022 kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin AFC. Magoya bayanta ba su da abin kuka. Amma duk mai kishin gasa zai tambaya: me teburi yake faɗa idan ta biyu ta zauna, ta uku ta wuce?

Masu son a bar ƙananan ƙungiyoyi su shiga gasar ƙwararru suna da hujja mai ƙarfi, kuma wannan takarda ba ta raina ta. Yaro ɗan shekara 19 da ke babbar ƙungiya yana tsaka mai wuya: ya girme wa gasar matasa, bai kai ya ƙwace riga a hannun manya ba. In aka bar shi a benci sai ƙafarsa ta yi sanyi. In aka sa shi buga wa sa'o'insa, ba zai taɓa haɗuwa da mai tsaron baya ɗan shekara 32 wanda kuɗin cefanen gidansa ya rataya a kan maki uku ba. Irin wannan karon ne ke gina ɗan wasa. Pep Guardiola ya fara aikin koci ne da Barcelona B a rukuni na huɗu a kakar 2007/08, a filayen ƙananan garuruwan Kataloniya, kuma daga can ya taho da Sergio Busquets da Pedro.

Malesiya ma ta ɗanɗana daɗin abin. Hukumar ƙwallon ƙasar, FAM, ta tara matasanta a ƙungiyar Harimau Muda ta jefa su cikin manya, suka ci Liga Premier a 2009. A tsakanin nan ne ƙasar ta samu zinare a wasannin yankin kudu maso gabashin Asiya a 2009 da 2011, da kofin AFF a 2010. Daga baya aka yi ta yawo da yaran, a gasar Singafo a 2012, a ta jihar Queensland ta Ostireliya a 2014, har aka rushe tsarin a ƙarshen 2015.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda aka samar da ƙungiyoyi na biyu na jihohi. A Sifaniya, 'yan wasan ƙaramar ƙungiya sukan taso ne daga makarantar horon uwarta. A Malesiya haɗiye ƙungiyoyi masu zaman kansu aka yi. Johor FA ce ta koma JDT II a 2014, lokacin da Tunku Ismail, yariman Johor mai jiran gado, yake sake fasalin ƙwallon jiharsa. A ƙarshen 2017 T-Team tana Liga Super, rukunin ƙoli, ba ta faɗi a fili ba, amma da Terengganu ta hayo sai aka sauya mata suna zuwa Terengganu II aka sauke ta ƙasa. Haka aka yi wa PKNS a ƙarshen 2019, ta zama Selangor II. PKNP kuwa, bayan faɗuwarta, ta zama Perak II. Kowacce tana da tarihinta da 'yan kallonta, komai ƙanƙantarsu, kuma babu wanda ya ci su a fili ya raba su da sunansu. A ofis aka yanke.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 2020, huɗu daga cikin ƙungiyoyi 12 na Liga Premier ba su da ikon hayewa. A 2021 FAM ta ƙara tata tawagar matasa, wadda ta haɗa da majalisar wasanni ta ƙasa. A 2022 JDT II ce ta lashe gasar, zakaran da ba shi da inda za shi. Ɗan kasuwar da zai zuba kuɗin talla yana son ganin jama'a a fili, jama'a kuwa ba sa tururuwa don kallon ƙungiyar da ta san ko ta ci ko ba ta ci ba, nan za ta kwana. Akwai kuma zancen adalci. Ƙaramar ƙungiya tana iya fitowa yau da yara zalla, mako mai zuwa ta fito da manyan da suka dawo daga jinya suna neman motsa jini. Wanda jadawali ya haɗa shi da ita a makon farko ya tsinci dami a kala, na biyun kuwa ya sha kashi.

Ba za a ɗora wa ƙungiyoyi na biyu laifin duka ba. Bashin albashi ya fi komai cinye ƙananan ƙungiyoyin ƙasar, kuma a gaskiya ƙungiyoyi na biyu sun cike guraben da ba don su ba da sun zauna wayam. Ko ma dai yaya ne, bayan kakar 2022 hukumar gasar, MFL, ta dakatar da Liga Premier, ta faɗaɗa Liga Super zuwa ƙungiyoyi 14, ta keɓe wa ƙananan ƙungiyoyi gasarsu ta 'yan ƙasa da shekara 23, Kofin MFL. Yaran suka koma buga wa junansu, ainihin abin da aka guda tun farko.

Turai ma kanta ba ta haɗu a kan amsa ɗaya ba. Castilla ta kara da uwarta Real Madrid a wasan ƙarshe na Kofin Sarki a 1980, ta sha ci 6-1, ta kuma lashe rukuni na biyu a 1984 ba tare da ta haye ba. Jamus ta yi wa nata iyaka a rukuni na uku, inda Bayern II ta zama zakara a 2020. Italiya ta buɗe ƙofar Serie C a 2018, Juventus ce ta fara shiga. Ingila kuwa ta yi fatali da shawarar shigar da ƙungiyoyi na biyu gasar manya da Greg Dyke ya kawo a 2014, kuma da aka shigar da tawagogin matasa cikin kofin ƙungiyoyin ƙananan rukunai a 2016, magoya baya da dama suka ƙaurace wa filaye.

Matsayin wannan takarda ya fi kusa da na Jamus. A bar ƙungiyoyi na biyu su yi gasa da manya, domin amfanin yaran a bayyane yake, amma kada su kai rukunin da daga shi sai na ƙoli. A ƙayyade adadinsu, a ƙayyade shekarun 'yan wasansu, a hana saukowar manya idan kakar wasa ta zo gangara. Sama da komai, a haramta wa babbar ƙungiya mallakar gurbi ta hanyar haɗiye maƙwabciyarta.

Masu tafiyar da ƙwallon Najeriya su ma abin ya fara ƙwanƙwasa musu ƙofa. A 2024 Beyond Limits ta Ikenne ta samu gurbin hayewa daga NNL, rukuni na biyu, zuwa NPFL, rukunin ƙoli, alhali Remo Stars, wadda mai su ɗaya ne, Kunle Soname, tana can sama. Gurbin ya ƙare a hannun Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo daga NPFL a kakar 2023/24. Ranar da Kano Pillars ko Katsina United za ta nemi shigar da ƙaramar ƙungiyarta NNL, gara a ce an riga an rubuta a wane rukuni za ta tsaya, da kuma wa zai gaji gurbinta idan ta zo ta ɗaya.